Hodar Alade a Rumfar Agashe

Mahaifina mai agashe ne a kasuwar Gadarif, wato tsiren nan da kakanninmu suka zo da shi ƙasar Sudan har Larabawa suka fi mu son sa. In ka cire sunansa, Baba ba shi da komai. Rumfarsa ta kwano ce da ta sha tsatsa, gidanmu na ciyawa, amma in aka ce naman tsohon nan ne, ba mai tambayar wa ya yanka ko yaushe aka yanka. Mahauta suna yi masa tsiya cewa sai ya tambayi rago sunan uwarsa kafin ya saye shi. Limamin masallacin kasuwa ba ya cin naman kowa sai na Haj, wato Alhaji, kamar yadda 'yan kasuwa ke kiran Baba. Ni ne ɗansa na fari, kuma ta dalilina wannan suna ya shiga bakin wuta, ko da yake har gobe ban ga inda na yi laifi ba.

Lokacin mulkin masu gemu ne, waɗanda suka hau da sunan addini, shekarun da aka buɗe kwaleji a kowane gari, aka kafa allo a ƙofa, aka ce ilimi ya iso. Na karanta kimiyyar sinadarai, aka ɗauke ni ƙaramin malami a ɗaya daga cikin irin waɗannan kwalejoji. Ɗakin gwajinmu na da famfo ba ruwa, da firji ɗaya mai nishi, da wata tsohuwar na'urar auna haske da shugaban sashenmu yake lulluɓewa da mayafin matarsa. Dattijo ne siriri mai yawan tari, ɗan arewacin ƙasar, muna ce masa Duktur. Ƙasashen waje sun rufe mana ƙofa, ko cokali ɗaya na sinadari ba ya shigowa, saboda haka abin da ke cikin kabad ɗinsa shi ne dukiyarmu.

Aikin da muke yi ba shi da wuyar fahimta. Akwai wani ruwa mai maiƙo, sunansa amin, ba na addu'a ba, yana warin ruɓaɓɓen kifi, kuma daga irinsa ake haɗa magunguna da dama. In an haɗa shi a ɗakin gwaji yakan fito iri biyu a cakuɗe, rabi da rabi, kamar takalman dama da na hagu a buhu ɗaya. Nauyinsu ɗaya, a zafi ɗaya suke tafasa, ba dafawa ko tacewar da za ta raba su. Amma jikin mutum ya san bambancinsu sarai: ɗaya ya yi magani, ɗayan ya zauna banza ko ya yi ɓarna. Abin da ke iya raba su shi ne inzim, sinadarin da cikin dabba ke fitarwa don narka abinci. In ka zuba hodarsa a ruwan ka yi ta motsawa, sai ya kama iri ɗaya kaɗai ya canza shi, ya ƙyale ɗayan. Daga nan ka raba su cikin sauƙi, ka sa a na'ura ka leƙa. In haske ya karkata gefe ɗaya, to aiki ya yi.

Hodar inzim ɗin da muke da ita tana cikin wata kwalba ruwan ƙasa, ba ta fi kofin shayi ba, Duktur ya zo da ita daga waje tun kafin a rufe ƙofa. An yi ta ne daga wata tsoka mai laushi da ke kwance bayan tumbi, wadda likitoci ke ce wa bankiryas, kuma bankiryas ɗin na alade ne. Duniya duka da shi ake wannan aiki don ya fi araha. Dabarar Duktur ita ce mu yi tamu hodar daga na rago, tunda raguna ba su ƙarewa a Gadarif, mu riƙa gwada ta da ta aladen mu ga ko ta kamo ta. In ba ta aladen, ba abin da za mu auna tamu da shi.

Nan Baba ya shigo. Kullum da safe yakan yanko mini tsokar daga ragon da ya yanka, da ɗuminta, ya ɗora a kan ƙanƙara. Abu ne da aka saba jefa wa kyanwa. Yana miƙo mini yana dariya, yana ce wa maƙwabtansa, "Ku gani, na kai shi jami'a, ya dawo yana rigima da kyanwoyin kasuwa." Amma ya fi kowa kula kada a haɗa mini da kitse.

Cikin ɗalibaina akwai wani Bahaushe ɗan uwanmu, ɗan wani bakaniken tarakta a garin Doka. Dogo ne, mai tsabta, ba ya wasa da salla, kuma ya fi duk ajin kai. Ya shiga ƙungiyar ɗaliban da ke bayan gwamnati da zuciya ɗaya, ba don a ba shi wani abu ba, kuma irinsu sun fi ban tsoro. Wata rana muna gwaji ya ɗaga kwalbar nan ruwan ƙasa ya ce, "Ustaz, daga me aka yi wannan?" Na ce daga alade. Ya ajiye ta da sauri ya goge yatsunsa a wando. An tambaye ni a aji, na ba da amsa, aikin da aka ɗauke ni in yi ke nan.

Rikicin ya tashi a kan zaɓen ƙungiyar ɗalibai, kamar kowace shekara. 'Yan bayan gwamnati na da wani ɗaki inda suke ajiye rodi, yankakke daidai tsawon hannu, an naɗe gindinsa da roba don kada ya zame in hannu ya jiƙe. Kowa ya san ɗakin, har manyan kwaleji. Da hantsi muka ji kabbara daga filin taro, sai gudu, sai ga ɗalibai maza da mata sun afko ɗakin gwaji suna neman maɓoya. Ba mu kai ga rufe ƙofa ba masu rodin suka shigo.

Ban taɓa sanin ƙashin mutum na ƙara haka ba. Wani yaro ya sa hannu ya kare kansa, rodi ya sauka, hannun ya lanƙwashe ta inda ba gaɓa. Suna duka suna kabbara, ba sa ma duba wa suke duka. Ɗaya ya share kwalaben kan tebur da rodinsa, ruwan asid ya fallatsa a ƙafar wata yarinya, ta yi ta ihu tana yage safarta, fata na biyo safar. Duktur bai gudu ba. Ya kwanta a kan na'urar haskensa ya rungume ta, suka yi ta zuba masa a gadon baya har tarinsa ya koma jini. Na yi kansa, wani ya juyo ya ba ni ɗaya a baki. Na ji haƙoran gabana a kan harshe kamar tsakuwa a shinkafa, na tofar da su a kwamin wanke kwalabe.

Suka tura firjin ya kife, ƙofarsa ta ɓalle. Na ja ciki cikin fasassun gilasai na lalubo kwalabe biyu, ta aladen da tamu ta rago da ke cikin kwalbar jam, na cusa a aljihun jallabiya. Da na ɗaga kai sai na ga ɗalibin nan nawa a bakin ƙofa. Rodi na hannunsa, amma ba jini a jikinsa. Ya ga abin da na ɗauka. Ya matsa gefe na wuce.

Aka rufe kwaleji sai abin da hali ya yi. Duktur na kwance a gida da karyayyun haƙarƙari, na'urar na ƙarƙashin gadonsa. Ni kuma ga ni da hoda biyu da zafi ke kashewa cikin 'yan kwanaki, gidanmu ba lantarki, gidan Duktur ma sai an ga dama. Wuri ɗaya na sani da ƙanƙara ba ta yankewa safe da yamma, shi ne layin masu nama a kasuwa.

Na sami Baba a tsakar gida yana daka yajin agashe. Na ajiye kwalaben a gabansa, bakina a kumbure, na ce, "Baba, wannan ta rago ce, wadda kake yanko mini. Wannan kuwa ta alade ce."

Ya tsai da taɓarya. "Hinzir?"

"Shi."

"A gidana. Kuma da bakinka kake gaya mini."

"Da in ɓoye maka fa?"

Ya dubi kwalbar. Ya ce, "Ci ake yi?" Na ce a'a. "Sha?" Na ce a'a, awo kawai. Ya ce, "In ta lalace?" Na ce to aikin ya mutu, kuma dukan da dattijon nan ya sha ya tashi a banza. Ya dubi gibin da ke bakina, ya kau da kai.

"Halas, shi ke nan," in ji shi. "Nemo hafiza ƙarama, tata ita kaɗai, kada ta taɓa ƙanƙarar nama. Ka kankare rubutun nan. Ni ba zan taɓa ta ba, kai ma in ka taɓa, sai ka wanke hannu da sabulu da ƙasa kafin ka gaishe ni."

Haka aka yi. Na samo ƙaramin akwatin sanyi, shi ne hafizar, muka tura shi ƙarƙashin teburin rumfa, can lungu. Baba da ƙafa yake matsar da shi in zai yi shara. Kullum in zo in ɗebi kan cokali daga kowace kwalba, in tafi gidan Duktur, in yi ta motsa ruwa mai warin kifi a ɗakin baƙinsa, matarsa na tsine mana daga kicin. Kuma abin ya fara yi. Hodar ragon ba ta kai ta aladen saurin aiki ba, amma ranar da na leƙa na'ura na ga haske ya karkata da ita, sai da na yi ihu. Duktur ya yi dariya har ya riƙe ƙirji yana roƙona in daina ba shi dariya. Na yi murna a ranar, murnar da ban sake yin irinta ba.

Kakar riɗi ce, gari ya cika da jangu, leburorin da ke zuwa yankan riɗi da dawa a manyan gonakin Fashaga da Doka da Gadambaliya. Mutane ne da suka yi makonni a daji suna cin tuwo da miyar busasshen kifi, rana ta gasa su, masu gona sun zage su, sun shigo gari da laujensu a kafaɗa, kuma abin da suke fara nema nama ne. Rabinsu a rumfar Baba suke ci.

Ranar wata Alhamis ɗalibin nan ya zo kasuwa saya wa ubansa kayan tarakta, ya tsaya cin agashe. Baba ya ji ɗalibin ɗansa ne, ya ƙara masa tsinke, ya ce ba za a karɓi komai ba. Yana tsakiyar ci na iso, ban lura da shi ba, na durƙusa na jawo hafiza na buɗe. Kwalba ruwan ƙasa, a ƙarƙashin teburin nama. Ba ya bukatar rubutu, ya san ta. Na ji an ture benci, na waiga, na gan shi a bakin kwata yana sa yatsa a maƙogwaro yana amai, hawaye na zuba. Na bi shi ina cewa ya tsaya in yi masa bayani, ya ce, "Kada ka taɓa ni, Ustaz," ya ruga.

Na ce wa Baba in ɗauke hafizar yanzu. Ya ce in na fita da ita a idon mutane bayan abin da suka gani, na tabbatar musu ke nan, a bari sai gobe bayan Juma'a in kasuwa ta watse. Ba mu kai ba.

Ana sallame sallar Juma'a ɗalibin ya miƙe a masallacin kasuwa, da abokansa masu rodi a bayansa, ya ce akwai alade a ƙarƙashin teburin mai agashe, da idonsa ya gani. Ba mu ji wannan ba, don mu a sahun waje muka yi salla muka koma rumfa. Abin da muka ji shi ne ƙasa na motsi, da kalma ɗaya tana tafe daga baki zuwa baki, hinzir, hinzir. Masu shaguna suka fara jan ƙofofi.

Ni suka fara kamawa. Wani ya shaƙo wuyan jallabiyata ya fizgo ni waje, rodi ya same ni a gwiwa na faɗi, daga nan kuma ban san adadin ƙafafun da suka hau ni ba. Aka kifar da murhu, garwashi ya watsu, wani ya tura fuskata kusa da shi har na ji ƙaurin gashin girata. Jangu sun fi kowa hauka, kuma ban ga laifinsu ba, mutum ya yi wata guda yana mafarkin nama a ce masa alade ya ci. Wani ƙato mai tsage a kumatu ya murɗe hannuna ta baya har ya yi ƙara, ya durƙusar da ni, ya saƙala laujensa a wuyana. Lauje ba ya yanka sai an ja, kuma na ji yana gyara tsayuwa don ya ja. Jini ya fara bin ƙirjina. Mahautan da suka san ni tun ina rarrafe suna tsaye da wuƙaƙensu a hannu, ba wanda ya ce uffan. Wannan shirun ya fi rodin yi mini ciwo, kuma har yau ban yafe shi ba.

Ɗalibin ya shiga ƙarƙashin tebur ya jawo hafiza, ya fito da kwalbar da gefen rigarsa, ya ɗaga sama. Ya ce, "Ga ta! Wallahi ita ce! Shi da kansa ya gaya mini a aji!"

Baba ba wanda ya taɓa shi tukuna, furfurarsa ta sa an ɗan ja baya. Yana tsaye a bakin rumfa, hularsa ta faɗi. Ya dubi laujen da ke wuyana, ya dubi kwalbar. Sai ya tako a hankali ta cikin garwashi, ya miƙa hannu ya karɓe ta daga hannun ɗalibin, da tafin hannunsa tsirara.

"Ya jama'a," in ji shi, ba da ƙarfi ba, amma aka yi tsit. "Wa a cikinku bai taɓa cin namana ba?"

Ya ɗaga kwalbar sama.

"To ku duba."

Ya buɗe murfin, ya zazzage hodar a tafinsa, ya yi bisimilla a fili, ya watsa a baki. Busasshiyar hoda ce, ta shaƙe shi, ya yi tari ta fito ta hanci, ya haɗiye, ya sake zazzagewa. Na so in yi ihu, lauje ya hana ni. Bai tsaya ba sai da ya ƙarar da ita, ya ɗebi ruwan ƙanƙara daga hafiza ya ɗauraye kwalbar ya shanye, ya kifa ta a gabansu don su ga ba saura. Bai rantse ba, bai ce ba alade ba ce, ko kalma ɗaya ta ƙarya ba ta fito daga bakinsa ba. Sai daga baya na gane dalilin ɗaurayewar: bai bar ko ƙwaya da wani zai kai a gwada ba.

Limamin ne ya fara magana. Ya ce, "La ilaha illallah. Haj zai ci alade? Wannan ƙazafi ne!" Wani mahauci, cikin waɗanda suka yi shiru ɗazu, ya ɗaga kwalbar jam ya ce ai shi shaida ne, tsokar rago ce tsohon ke yanka wa ɗansa kullum, kowa a layin nan ya sani. Na ji lauje ya saki wuyana. Ƙaton ya tsallake ni kamar buhu ya nufi ɗalibin.

Abokansa masu rodi su suka fara gudu. Shi bai gudu ba, ya tsaya yana cewa wallahi, wallahi, har suka rufe shi. Fushin da aka tara domina bai ragu ba, wuri kawai ya canza. Suka yi ta dukansa da benci, da ƙotar lauje, da rodin da abokansa suka yar. Baba ya kutsa yana cewa ku bari, ku bari, amma muryarsa ta riga ta tafi, hodar ta fara cin maƙogwaronsa, aka hankaɗe shi ya faɗi. Na ga wani ya tsinci tsinken agashe na ƙarfe daga ƙasa. Na ga hannun ya ɗaga ya sauka. Ƙarar da yaron ya yi ta sa har masu dukan suka ja baya, ya miƙe zaune yana riƙe da fuska, tsinken na tsaye tsakanin yatsunsa. A lokacin ban ji tausayinsa ba ko kaɗan, wuyana na zubar da jini, hannuna na lilo. Tausayin daga baya ya zo, kuma bai tafi ba.

Inzim aikinsa narka nama ne, bai san na wa ba. Bakin Baba ya saɓule, harshe da dasashi da maƙogwaro duk suka zama gyambo, kwana da kwanaki ba abin da ke wucewa sai kunu mai sanyi. Muna kwance a ɗaki ɗaya, ni da ɗaurin hannu, shi da ƙwarya a gefe yana tofar da jini. Da ya fara iya magana na ce, "Baba, ka san hukuncin. Larura ce. Wanda aka tilasta ba shi da zunubi."

Ya ce, "Kai za ka koya mini?" Ya tofa. "Hodar ta fita daga cikina tun shekaranjiya. Idon yaron nan fa, ta ina zai dawo?"

Na ce shi ya jawo wa kansa.

"Gaskiya ya faɗa," in ji Baba. Ya juya fuska bango.

Ya so ya je masallaci ya faɗa. Inna ta durƙusa ta riƙe ƙafafunsa ta ce in ya buɗe baki, ɗanta za a yanka kafin la'asar, kuma wannan karon ba abin da zai ci ya cece shi. Ya san haka ne. A waje kuwa sunansa sai ƙara tashi yake. Mutane na zuwa dubiya da sukari da lemo, ana ba da labarin a tashar motoci, har an ƙara masa gishiri, wai garwashi bai ƙona ƙafarsa ba. Ƙanena da ya riƙe rumfar ya ce nama na ƙarewa kafin azahar. Duk wanda ya shigo ya ce masa Allah ya wanke ka, Haj, sai in ga tsohon ya ƙara shigewa cikin bargo.

Hukuma ba ta son magana ta yi tsawo ana tsakiyar kaka, saboda haka aka bar wa dattawa su yi sulhu irin namu. Suka yanke cewa gidan da ya yi ƙazafi shi zai zo ya ba da haƙuri. Ranar suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu, liman da manyan mahauta da dattawan Hausawa na unguwa suka zauna. Sai ga bakaniken daga Doka, gajere, hannuwansa baƙi ƙirin da man inji, yana jan rago da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da ɗansa. An naɗe rabin fuskar ɗalibin da bandeji, ya rame, yana taka ƙasa a hankali kamar bai yarda da ita ba.

Bakaniken ya cire takalmi tun daga nesa, ya zo ya durƙusa gaban Baba, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ya ce, "Haj, na ci namanka tun ban yi aure ba. Ni na haifi wannan, kunyar tawa ce. Idon da ya rasa, hakkinka ne ya kama shi." Ya juya ya danna wuyan ɗansa ƙasa. "Faɗa."

Ɗalibin ya ƙi. Uban ya kwaɗa masa mari a gefen da ba bandeji, a gaban kowa. "Faɗa, ya walad, kai yaro!"

Ya ɗago. Da ido ɗayan ya dube ni, ya daɗe, sannan ya dubi Baba. Ba fushi a ciki, tambaya ce kawai, kuma ban da Inna, mu uku kaɗai muka san ta. Na ga leɓen Baba yana motsi, na ga Inna a bayan zana ta dafe ƙirji, na ji tabon wuyana yana zafi. Ina roƙon Allah a zuci Ya rufe bakin ubana, kuma Ya rufe.

Ɗalibin ya ce, "Haj, na yi maka ƙarya. Ka yafe mini."

Kowa ya zuba wa Baba ido. Ya buɗe baki, murya ta ƙi, liman ya ce a ba shi ruwa. Ya sha, ya ce, "Na yafe."

Aka shafa fatiha, aka yi kabbara, aka yanka ragon, aka ci. Bakaniken ya yi ta sumbatar hannun Baba yana godiya har aka janye shi. Da za su tafi ɗalibin ya yi tuntuɓe da bakin tabarma, don bai saba auna ƙasa da ido ɗaya ba, Baba ya zabura zai tare shi, yaron ya janye hannunsa ya bi ubansa.

Da mutane suka watse na zauna kusa da Baba ina tattara kofuna da hannu ɗaya. Na ce, "Baba, an gama. Sunanka na nan."

Ya ce, "Yana nan. Ku riƙe shi, ku ci abinci da shi, kai da ƙanenka." Ya miƙe da ƙyar ya nufi ɗaki. A bakin ƙofa ya tsaya, bai waigo ba. "Ni dai kada wanda ya sake kira na da shi."

Bai ƙara taka kasuwar Gadarif ba har ya rasu.